Ciniki maras shinge: Me ya sa har yanzu buhun wake ke shan wuya tsakanin Maraɗi da Dawanau?

Duk lokacin da aka ambaci yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka a rediyo, tambaya ɗaya ce ke biyo baya: buɗe iyaka alheri ne ga talaka, ko kuwa hanya ce ta mayar da ƙasarmu bola da kowa zai zo ya juye kayansa? Manomin shinkafa a Kebbi da ya ji maganar sai gabansa ya faɗi, don bai manta da abin da 'yar waje ta yi masa ba. Shi kuwa mai sayen wake a Dawanau ko mai safarar shanu daga Maigatari, kowane dare da iyaka ta kwana a rufe asara ce a wurinsa. Kowannensu yana da hujja, sai dai ba a kan abu ɗaya suke magana ba. Abubuwa uku aka zuba a ƙwarya ɗaya: kayan da maƙwabcinka ya noma ko ya ƙera, kayan da aka ɗauko daga Asiya aka ratso da su ta gidan maƙwabcin, da buɗe ƙofa ga kayan duniya baki ɗaya. Sai an rarrabe su kafin a gane inda gizo ke saƙar.

Abin da kalmomin ke nufi

Haɗin kan ƙasashe ta fuskar ciniki hawa-hawa ne. Matakin farko shi ne ƙasashe su yarda cewa ba za su karɓi kuɗin fito a kan kayan juna ba, amma kowace ta ci gaba da sanya wa kayan baƙi harajin da ta ga dama. Wannan shi ne yankin ciniki maras shinge. Mataki na biyu, su haɗa kai su sanya haraji iri ɗaya a kan kayan da ke zuwa daga waje, ko ta Legas suka shigo ko ta Kwatano ko ta Lome. Na uku, mutane da jari su yi ta kai-komo ba tare da an tsare su ba. Na ƙarshe shi ne kuɗin bai-ɗaya.

Ƙungiyar ECOWAS, wadda mutanen Nijar ke kira CEDEAO, an kafa ta ne a Legas ranar 28 ga Mayu 1975, da ƙoƙarin Janar Yakubu Gowon da Gnassingbe Eyadema na Togo. A 1979 ta amince cewa ɗan kowace ƙasa a cikinta zai iya shiga wata ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. A shekarar ce kuma ta fito da tsarin da ake kira ETLS, wanda ya ɗauke kuɗin fito daga amfanin gona, dabbobi da kayan sana'ar hannu, sannan a 1990 aka faɗaɗa shi ya haɗa da kayan masana'antu. Harajin bai-ɗaya kan kayan waje ya fara aiki a Janairun 2015, a rukuni biyar: sifili, kashi 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Kuɗin bai-ɗaya da aka raɗa wa suna Eco kuwa an sha ɗage ranar fitowarsa tun daga 2003, yanzu 2027 ake ambata.

A nan akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba. A takarda, albasar Galmi, waken Damagaram, ragon Azawak da masarar Saminaka sun fi shekara 40 ba su da kuɗin fito tsakanin Najeriya da Nijar. Amfanin gona da dabbobi ma ba a neman musu takardar shaidar asali, sai ta lafiyarsu kawai. Kayan masana'anta ne ake neman wa shaida, a tabbatar cewa a cikin yankin aka ƙera su, ko kuma aikin da aka yi musu a nan ya ƙara musu daraja da aƙalla kashi 30 cikin ɗari. Wannan ƙa'ida ta asalin kaya ita ce ƙashin bayan lamarin duka. In ta tsaya, tsarin ya tsaya. In ta karye, sai a wayi gari shinkafar Tailan ta zama 'yar Benin.

Cinikin ya girmi iyakar

Ba yarjejeniya ce ta koya wa Bahaushe fatauci ba. Tun kafin Turawan Ingila da na Faransa su ja layinsu, ayari ke tashi daga Kano ƙarƙashin madugu ya nufi Gwanja ɗauko goro, yana ɗauke da kanwa da jima da turkuɗi, wani ayarin kuma ya bi ta Damagaram da Agadas ya tsallaka Sahara. Unguwannin zango da ke Kumasi da Akara daga nan suka samo asali. Layin da aka ja daga baya, mai tsawon kusan kilomita 1,500, ya raba Katsina da Maraɗi, ya raba Daura da Magarya, ya raba Illela da Ƙonni, garuruwan da har gobe aure ake yi a tsakaninsu.

Abin da ke ratsa layin a yau bai canja sosai ba. Daga arewa ana saukowa da shanu, raƙuma, tumaki, wake, albasa, aya da dabino. Daga kudu ana haurawa da masara, gero, doya, siminti, robobi, sabulu, taliya da takin zamani. Akasarin wannan ciniki ba ya shiga littafin kowace gwamnati. Don haka idan aka ce cinikin da ƙasashen Afirka ke yi a junansu bai wuce kimanin kashi 15 cikin ɗari na abin da suke fitarwa ba, alhali na Turai ya haura kashi 60, a tuna cewa na rubuce kawai aka ƙirga. Ba a ƙirga mai amalanken da ya tsallaka da buhu huɗu ranar kasuwar Mai'aduwa ba.

Shinkafar da ba a Kwatano aka noma ta ba

Abin da ya ɓata wa ciniki maras shinge suna a idon 'yan Najeriya ba cinikin maƙwabta ba ne, fito ne, wato fasa-ƙwauri. Ga yadda lissafin yake. A harajin bai-ɗaya na ECOWAS, shinkafa tana rukunin kashi 10. Najeriya, don kare manomanta, ta ɗora wani ƙari a kai har jimillar ta kai kashi 70. A 2015 Babban Banki ya hana masu shigo da ita dala a farashin gwamnati, cikin jerin kayayyaki 41, a 2016 kuma aka haramta shigo da ita ta iyakokin ƙasa. Benin ba ta bi sahu ba. Ratar da ke tsakanin 10 da 70 ita ce ribar ɗan fasa-ƙwauri.

Sai ga Benin, ƙasar da yawan mutanenta bai kai na jihar Kano ba, ta zama ɗaya daga cikin manyan masu sayen shinkafar Tailan da Indiya, kuma turararriya, irin wadda mutanen Benin ba su damu da ci ba amma 'yan Najeriya ke so. Wata takan tsallako ta wajen Seme. Wata a rubuta cewa Nijar za ta, ta bi ta Malanbil da Gaya ta sauka a sito a Ƙonni ko Maraɗi, daga nan 'yan fito su kwashe ta da daddare a babura da ƙananan motoci ta ɓarauniyar hanya. Haka ake yi wa atamfa, man girki, gwanjo da motoci. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da tsarin ECOWAS ya yafe wa haraji, domin ba 'yan yankin ba ne. Keta yarjejeniyar aka yi, amma yarjejeniyar ce ta sha zagin.

Abin da rufe iyaka ya koya mana

Najeriya ta gwada rufe iyaka na dogon lokaci sau uku a cikin shekara 40, kuma kowane karo ya bar tabo. Na farko daga 1984 zuwa 1986, wanda aka fara zamanin mulkin soja na Janar Buhari, ya zo daidai da fari, har mutanen Nijar suka raɗa wa yunwar wannan lokacin suna El-Buhari. Dattawan Maraɗi da Tawa ba su manta ba.

Na biyu ya fara a watan Agustan 2019, makonni kaɗan bayan Najeriya ta sa hannu a kan yarjejeniyar ciniki ta Afirka a birnin Yamai. Masu goyon bayan matakin suna da abin nunawa, kuma bai kamata a raina shi ba. Injinan casar shinkafa sun ƙaru a Kano, Kebbi da Jigawa, manomi ya sayar da shanshera da daraja, mutane da yawa kuma suka saba da cin 'yar gida. Amma farashin ya faɗo a kan mai saye. Hauhawar farashin abinci da ke kimanin kashi 13 cikin ɗari a lokacin rufewar ya kusa kashi 20 a Disambar 2020. Annobar korona da rashin tsaro sun taimaka, gaskiya ne, sai dai tashin ya soma ne tun kafin korona ta iso. An hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mutanen Jibiya da Kamba suka koma sayen na galan da tsada a ƙasarsu ta haihuwa. Kamfanonin Najeriya da ke sayar da kayansu a Gana da Togo da Nijar suka rasa hanya. 'Yar waje kuma ba ta ɓace daga kasuwa ba, tsada kawai ta ƙara, domin na goron da ake bayarwa a hanya ya ƙaru. An buɗe Seme, Illela, Maigatari da Mfum a Disambar 2020, Jibiya da Kamba kuwa sai Afrilun 2022.

Na uku ba ruwansa da shinkafa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta katse wutar da Nijar ke samun kusan kashi 70 na lantarkinta daga gare ta. Tireloli suka yi layi a Illela da Jibiya, albasa ta ruɓe a cikin buhu, magani ya yi ƙaranci a asibitocin Nijar. Sai a Maris 2024 aka buɗe. A ganina wannan ne ya fi kowanne yin ɓarna, domin ya koya wa ɗan kasuwa cewa duk takardar da shugabanni suka sa wa hannu, sanarwa ɗaya ta ishe ta. Wanda ya san haka ba zai gina sito ko masana'anta da nufin sayar wa maƙwabta ba.

Tsoron masu masana'antu

Lokacin da ƙasashe 44 suka sa hannu a kan yarjejeniyar ciniki ta Afirka a Kigali ranar 21 ga Maris 2018, Najeriya ba ta cikinsu. Shugaba Buhari ya fasa tafiyar ne bayan ƙungiyar masu masana'antu da ƙungiyar ƙwadago sun nuna rashin amincewa. Wanda ya san Kakuri, unguwar masaƙu a Kaduna, ba zai ce tsoronsu na banza ba ne.

Masaƙar KTL ta buɗe a Kaduna a 1957, zamanin Sardauna, sauran suka biyo baya, har aka kai lokacin da masaƙu suka fi kowace masana'anta ɗaukar ma'aikata a Najeriya. Audugar Funtuwa da Gusau tana da mai saye a gida. Da jiniya ta kaɗa lokacin canjin aiki, titin Kakuri cika yake da kekuna. Sai ga tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, darajar Naira ta faɗi, kayan gyaran inji suka yi tsada. Najeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, aka sassauta hana shigo da yadi a 1997, atamfar Sin ta cika Kantin Kwari, wani lokaci ma da zanen da aka kwaikwaya daga na masaƙun gida. UNTL, babbar cikinsu, ta rufe a 2007. Sharaɗa, Bompai da Challawa a Kano suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya.

Amma a lura da abu biyu. Ba atamfar Nijar ko ta Gana ce ta kashe Kakuri ba, ta Asiya ce. Sannan ko a shekarun da aka sake haramta shigo da yadi, masaƙun ba su farfaɗo ba, domin masaƙar da ke ƙona baƙin mai da dizal don samar wa kanta wuta ba za ta iya gogayya da wadda wutarta ba ta ƙiftawa ba. Kariya tana da amfani idan an sa mata wa'adi, kuma aka yi amfani da wa'adin wajen gyara wuta, hanya da bashin banki. Koriya ta Kudu ta kare masana'antunta, amma ta ɗaura tallafin a kan sharaɗin su fitar da kaya waje su yi gogayya. Mu kuwa mukan rufe ƙofa mu kwanta, mai saye ya yi ta biyan tsada shekara da shekaru, masana'antar kuma tana nan jiya i yau.

Me yarjejeniyar Afirka ta ƙara?

Yarjejeniyar Afirka, wadda ake kira AfCFTA, ko ZLECAf a bakin masu Faransanci, faɗaɗa matakin farko ne zuwa nahiyar baki ɗaya. Tsohon shugaban Nijar Mahamadou Issoufou ne Tarayyar Afirka ta ɗora wa jagorancin aikin, kuma a Yamai aka ƙaddamar da shi ranar 7 ga Yulin 2019. Hedikwatarsa tana Akara. Ƙasashe 54 cikin 55 sun sa hannu, Eritiriya ce kaɗai ta rage. An ayyana 1 ga Janairun 2021 a matsayin ranar fara ciniki, amma kayan farko da Najeriya ta fitar a ƙarƙashin tsarin sai a Yulin 2024 suka tashi daga Apapa.

Ba rana ɗaya ake cire harajin ba. Kashi 90 na nau'o'in kaya ana rage musu ne sannu a hankali cikin shekara 5 zuwa 10, kashi 7 da ƙasa ke ganin suna da hatsari an ba su har shekara 10 zuwa 13, kashi 3 kuma tana iya ware su gaba ɗaya. Tsakanin Najeriya da maƙwabtanta na yamma babu sabon abu, tun da ETLS ta riga ta yi wannan. Sabon abin yana gabas da arewa da kudu: Kamaru da Chadi, waɗanda ba sa cikin ECOWAS duk da cewa shanun Chadi ne ke cika kasuwannin Borno da Adamawa, sai Masar, Maroko, Kenya da Afirka ta Kudu. Waɗannan na ƙarshe su ne abokan gogayya na gaske, don suna da masana'antu masu ƙarfi. Fatar Kano da zoɓo da riɗi da citta za su samu sabuwar kasuwa, amma idan ɗanye za mu ci gaba da fitarwa, mu sayo takalmi daga Kasabalanka, to mun canja ubangida ne kawai.

Wani binciken Bankin Duniya na 2020 ya yi hasashen cewa yarjejeniyar za ta iya ƙara wa Afirka kuɗin shiga dala biliyan 450 zuwa 2035. Abin da ya ja hankalina a ciki shi ne, dala biliyan 292 daga wannan adadin ba daga cire haraji za su fito ba, daga sauƙaƙa wucewar kaya ne, wato rage jinkiri, takardu da tsaye-tsaye.

Shingen yana kan titi

Wanda ya taɓa bin motar kaya daga Maraɗi zuwa Kano ya san abin da wannan adadin ke nufi. Direba yana da dunƙulen canji a ƙarƙashin kujera, an ware shi tun daga tasha. Ba a yi nisa ba sai ga itace a gicciye da tsohuwar taya a gefe. Yaron mota ya dira, ya ruga, ya miƙa, ya dawo yana haki, mota ta ja. Kafin direba ya gama sa giya ta uku, ga wani shingen. Babu wanda ya ɗaga tamfol ya duba ko wake ne a ciki ko wani abin daban, babu kuma rasit. A bakin iyaka kuwa, in ba a daidaita ba, sai a ce a faka a gefe. Mai wake zai iya jira. Mai albasa ko tumatir ko wanda ya loda shanu a tsaye cikin zafin bazara ba zai iya ba, dole ya biya abin da aka yanka masa. Duk wannan kuɗin a kan tiyar da uwar gida za ta auna a kasuwar Rimi yake ƙarewa.

Abin takaicin shi ne, shingayen nan da sunan tsaro aka kafa su, amma ba su hana makami shigowa ba. Wanda ke ɗauke da haramtaccen kaya shi ya fi kowa iya biya. Ƙaramin ɗan kasuwa, musamman matan da ke tsallakawa da ƙuli-ƙuli, daddawa ko 'yan robobi, su ne ba su san cewa dokar tana bayansu ba, su ne kuma aka fi tatsa.

Sai batun kuɗi. A farkon 2023 jaka ɗaya ta sefa, wato sefa 1,000, tana wajen Naira 1,200 a hannun 'yan canji, a 2024 ta haura Naira 2,000. Nan take hatsin Najeriya ya zama araha ga mai sefa, buhuna suka yi ta haurawa arewa, jama'a suka fara kiran a tare hanya, aka kuwa riƙa tare motocin abinci. A Oktoban 2024 ita ma Nijar ta haramta fitar da hatsi, in ban da zuwa Mali da Burkina Faso. Kowace gwamnati tana tsoron yunwa a gidanta, wannan abin fahimta ne. Amma manomin da aka hana sayarwa inda kayansa suka fi daraja, a daidai lokacin da taki ya ninka kuɗi, baɗi rage gonar zai yi.

Bayan ficewar Nijar daga ECOWAS

Ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata, bayan sun kafa ƙawancensu na ƙasashen Sahel da ake kira AES. ECOWAS ta umarci sauran mambobinta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku, su kuma ci gaba da ɗaukar kayansu a ƙarƙashin ETLS har sai an cimma sabuwar matsaya. Wato abin da a da haƙƙi ne, yanzu alfarma ce da za a iya janyewa. A Maris 2025 ƙasashen uku suka sanar da harajin kashi 0.5 cikin ɗari kan kayan da ke shigo musu daga waje don gudanar da ƙawancen. Adadin ƙarami ne, ba shi zai hana ciniki ba. Abin dubawa shi ne ko nan gaba za a fara neman kuɗin fito a kan ragon layya da buhun masara, ko a fara tambayar Bakatsinen da ke da shago a Maraɗi takardar zama.

Jihohi bakwai na Najeriya ne ke iyaka da Nijar, daga Kebbi har Borno, kuma su ne za su fara ji a jikinsu. Akwai hanyar da ba sai an jira ECOWAS da AES sun sasanta ba: ƙasashen biyu suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, mai mazauni a Yamai, kuma dukansu suna cikin yarjejeniyar Afirka. Ana kuma shimfiɗa layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano, ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021. Jirgin ƙasa ba ya tsayawa a shingen itace, kuma tarago ɗaya zai ɗauki abin da tirela ke ɗauka. Amma kafin ya fara aiki akwai buƙatar gwamnatocin biyu su zauna su rubuta a fili kayan da za su wuce kyauta, wanda zai duba su da inda za a duba su sau ɗaya tak, sannan a manna takardar da Hausa a Jibiya da Ɗan Isa, inda mai buhu huɗu zai iya karantawa ya nuna da yatsa.